Tabar Wiwi Ta Shiga Ɗaka

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a wayoyin samarinmu, har ta fara shiga bakin 'yan makaranta, shi ya sa muka ga ya kamata mu tsaya a kanta yau. Maganar kuwa ita ce, wai a ƙasashen Turai da Amurka mutum ya kan sayi irin tabar wiwi a ɗan ƙunshi, ya shuka a tukunya cikin ɗakinsa, ya kunna masa fitila, ba mai ce masa kanzil. Daga nan sai mai ba da labarin ya ƙara da cewa, tun da waɗanda suka fi mu ilmin likita sun yarda, mu me mu ke jira? Labarin nan ba ƙarya ba ne ɗungum, amma rabinsa aka kawo mana. Rabin da aka bari kuwa shi ya fi shafar malamin makaranta da malamin ofis, don su ne yara da iyayen yara su kan tambaya.

Bari mu fara da shi tsiron kansa. Duk wanda ya taɓa shuka gwanda ko dabino ya san akwai namiji akwai mace, ya kuma san namijin ba ya 'ya'ya. To, haka wiwi ta ke. Abin da ke bugar da mashayi yana cikin wani danƙo ne da furen macen ke fitarwa, a cikin danƙon nan ne a ke samun sinadarin da masana ke kira THC. In ƙurar furen namiji ta sauka a kan mace, sai ta koma yin iri, danƙon ya ragu. Saboda haka mai neman maye ba ya ƙaunar namijin ko kaɗan. A da, in mutum ya shuka ƙwaya goma, wajen rabinsu maza za su fito, ya tuge ya zubar. Ana nan, wajen ƙarshen shekarun 1990, 'yan kasuwar iri na ƙasar Holan suka fito da wata dabara: su tilasta wa macen, da wani magani, ta fid da ƙurar fure irin ta namiji, su haɗa ta da wata macen. Irin da aka samu ta nan kusan dukansa mata ya ke fitowa. Wannan shi ne irin da a ke talla a intanet da sunan iri mai tsirar da mata zalla. Ba don abinci aka ƙirƙiro shi ba, ba kuwa don igiya ba. Don kada ko tukunya ɗaya ta tafi a kan tsiron da ba ya bugarwa aka yi shi.

Sunan nan indika da su ke liƙa wa wani jinsin, wani masanin tsire-tsire Bafaranshe ne mai suna Lamarck ya raɗa shi a 1785, ga wiwin da aka kawo daga Indiya. Yau 'yan kasuwa suna kiran gajeren tsiro mai faffaɗan ganye da shi, wanda asalinsa duwatsun Hindu Kush ne, tsakanin Afganistan da Pakistan. Gajartarsa ce ta sa ya dace da ɗaki. Suna kuma cewa wai shi kwantar da jiki ya ke yi ya kawo barci, ba kamar dogon jinsin ba mai tayar da hankali. Wannan zance na mai talla ne. A 2015 waɗansu masu bincike a Kanada suka duba ƙwayoyin gado na iri-iri da a ke sayarwa, suka tarar sau da yawa sunan da ke jikin ƙunshi bai dace da abin da ke ciki ba, don an daɗe ana barbarar wannan da wancan har sun cakuɗe.

To, ga inda magana ta ke. Tsiron da aka killace a ɗaki, aka hana shi namiji, aka zaɓi irinsa shekara da shekaru don ƙarfi kaɗai, ba shi ne ganyen da dattawa suka sani a tasha ba. Jami'ar Misisipi ta Amurka ta daɗe tana auna wiwin da hukuma ke kamawa a can. A 1995 THC ɗin da ke ciki wajen kashi 4 ne cikin 100. A 2014 ya kai wajen kashi 12. Watau cikin shekara ashirin ƙarfin ya ninka uku, alhali sunan bai sake ba. A 2019 kuma mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a wurare 11, a Turai da Burazil. An ga masu sha kullum sun fi marasa sha haɗarin kamuwa da taɓin hankali wajen sau uku, masu shan mai ƙarfin kuwa kullum, watau wadda ta kai kashi 10 ko fiye, kusan sau biyar. Masu binciken suka lissafa cewa da ba a samun mai ƙarfin nan, da sababbin masu wannan ciwo sun ragu da wajen rabi a Amsadam, da wajen kashi 30 cikin 100 a Landan. Ba mu ce duk wanda ya sha zai zautu ba, su ma likitocin ba su faɗi haka ba. Amma uban da ya taɓa kai ɗansa asibitin masu taɓin hankali ya san ko mutum ɗaya cikin gida ya isa.

Sa'an nan mu duba su waɗanda aka ce sun halatta. Gaskiya ne Yurugwai ta yarda a 2013 gida ya shuka tsiro shida. Kanada ta bi a ranar 17 ga Oktoba 2018, tsiro huɗu ga kowane gida. Jamus ta bi a ranar 1 ga Afrilu 2024, tsiro uku ga baligi, da sharaɗin a kulle shi inda yaro ba zai kai hannu ba. Amma lardin Kebek, cikin Kanada ɗin nan, ya ƙi yarda a shuka ko ɗaya a gida, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ba lardin gaskiya a 2023. Tailan kuwa ta saki linzami a 2022, kantuna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Ashe su ma ba bakinsu ɗaya ba. Kuma waɗanda suka sassauta ba su ce tabar lafiya ce ba. Hujjarsu ita ce shan ya riga ya yaɗu, gara su ƙwace cinikin daga hannun 'yan fasa-ƙwauri su sa masa ido. Suna da ɗakunan awo, da asibitoci, da ma'aikatan da za su bi sawu. Mai son mu kwaikwaye su, sai ya fara nuna mana namu.

Akwai kuma kuɗin wuta, wanda mai talla ba ya ambata. Tsiron da aka hana rana sai an saya masa rana. Fitilu masu zafi, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, duk suna aiki sa'o'i da yawa kowace rana har watanni. Wani masani Ba'amurke, Evan Mills, ya ƙiyasta a 2012 cewa noman wiwi cikin ɗaki yana cin wajen kashi 1 cikin 100 na dukan lantarkin Amurka. Mu da ɗalibanmu ke karatun dare da hasken waya, wannan lissafi ya ishe mu abin dariya, in da abin dariya ne.

Kada a ce mun rufe ido ga amfanin da ke akwai. Akwai wani sinadari a tsiron, CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Epidiolex da aka yi da shi, don wata irin farfaɗiya mai tsanani ta yara. A Disamba 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, ko da ya ke bai cire ta daga abubuwan da a ke tsarewa ba. Gana ma ta yarda da noma ta bisa lasin, don masana'antu da magani, muddin THC bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. A duba wannan adadi, a duba 12 ɗin da muka faɗa ɗazu, za a ga ba hanya ɗaya suka bi ba. Magani sai da awo da likita. Tukunya a bayan gado ba ta da ko ɗaya.

Mu a nan Nijeriya doka ba ta da harshe biyu. Dokar tabar wiwi ta 1966, wadda gwamnatin soja ta kafa, ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai shuka ta. An sassauta hukuncin a 1975, aka kafa hukumar NDLEA a 1989, amma har yau shukar laifi ce mai kai mutum gidan yari. Dokar ta ce kowane tsiro na jinsin, ba ta ware na gona da na ɗaki ba, ba ta kuma san dokar Kanada ba. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna wajen mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a ƙasar nan cikin shekara guda. Wannan ya nuna mana ɗauri kaɗai bai kashe ƙishirwar ba, kuma yaron da aka kama da ɗan ƙulli ya fi bukatar likita da bukatar gandiroba. Abin da ya sake yanzu shi ne wurin. Gonar wiwi a dajin Ondo ko Edo ana iya ganinta a ƙone. Ɗakin haya mai labule a rufe kuwa, mai unguwa zai wuce ta ƙofarsa kullum bai sani ba. Tuni hukuma ta sha kama wadda a ke shigowa da ita daga Kanada a tashoshin jirgin ruwa da na sama na Legas, wadda samari ke kira Loud, alamar masu son mai ƙarfin sun samu a cikinmu.

Saboda haka muna roƙon hukuma abu guda, mai sauƙi. Duk wiwin da aka kama, ban da auna nauyinta a sikeli a gaban 'yan jarida, a riƙa auna ƙarfinta a ɗakin awo, a buga adadin kowace shekara, jiha-jiha, da Hausa da sauran harsunanmu. Malamin da zai tsaya gaban 'yan aji shida ya ce musu tabar bana ta fi ta bara ƙarfi, yana bukatar lambar da zai rubuta a allo, ta Kano ko ta Sakkwato, ba ta Misisipi ba.