Kaura na Da da Ministan Tsaro na Yau

Bismillahi. Bayan haka, a labarin Daura an ce da aka kashe macijiyar rijiyar Kusugu, Kaura ne ya yi ƙarfin hali ya matsa kusa ya tabbatar ta mutu, saboda haka aka danƙa masa al'amarin yaƙi. Kaura kan hau doki ya shige gaba. Ministan Tsaro na Nijeriya kuwa aikinsa dabam ne. Tsarin mulkin 1999 ya sa umarnin soja a hannun Shugaban Ƙasa, hafsoshi ke fita fagen fama, shi kuwa Minista shi ke riƙe da kuɗin soja, da sayen makamai, da shirin horon mayaƙa.

Wanda ya kafa harsashin wannan ofis shi ne Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda ya riƙe shi daga 1960 har rasuwarsa ran 1 ga Mayu, 1965. A zamaninsa aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962, aka keɓe wa Arewa rabin guraben ɗaukar hafsoshi, aka kuma buɗe Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna a 1964. Cikin samarin da suka shiga soja a lokacin akwai ɗan Daura, Muhammadu Buhari, wanda ya zama hafsa a 1963. Alhaji Inuwa Wada na Kano ya gaji Ribaɗu, amma bai cika shekara ba soja suka hamɓare gwamnati ran 15 ga Janairu, 1966.

Buhari ya shugabanci ƙasa daga 2015 zuwa 2023, ya naɗa tsofaffin janar biyu a kujerar, Mansur Ɗan Ali da Bashir Magashi. Duk da haka, a Mayun 2019 'yan bindiga suka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, a Disamban 2020 kuma suka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, alhali Shugaban yana Daura.

Ashe yawan bindiga da girman muƙami ba su isa hujja ba. Dukiyar soja amana ce ta baitulmali, ma'auninta kuwa a fili yake: falke ya ci kasuwar Mai'aduwa ko ta Jibiya ya komo da uwar kuɗinsa, manomi ya yi girbi ba tare da biyan fansa ba, almajiri ya kwana a tsangaya lafiya. Da wannan ya kamata malamai da attajirai su auna kowane Minista. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.