Kano Zuwa Sakkwato: Kusa A Taswira, Nesa A Tafiya

Mu da muka tashi a Minjibir mun saba ganin jiragen sama suna ratsawa ta kan gonakinmu, suna sassautowa za su sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Wannan ne ya sa a darasin labarin ƙasa muka ɗauki taswira da rula, muka auna nisan da ke tsakanin filayen jiragen Arewa. Abin da muka gano ya ba mu mamaki ƙwarai.

Daga Kano zuwa Sakkwato ta sama kimanin kilomita 370 ne, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba. Zuwa Maiduguri kuwa kimanin kilomita 500 ne, wajen awa guda ke nan. Amma sau da yawa mai son zuwa Sakkwato ba ya samun jirgin da zai kai shi kai tsaye. Sai ya fara yin kudu zuwa Abuja, ya zauna jira, sa'an nan ya sake juyowa arewa. Ta haka tafiyar ta zarce kilomita 800, yini kuma ya tafi. Alhali maniyyacin da ya tashi daga Kano yakan sauka Jidda cikin kamar awa biyar, bayan ya keta kilomita 3,400. Ashe wata rana Jidda ta fi Sakkwato kusa!

Wannan bai dace da tarihinmu ba. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a shekarar 1925. Kamfanin Nigeria Airways ma, kafin rushewarsa a 2003, yana sauka Sakkwato da Maiduguri da Yola da Jos.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan manomi da jirgi, tun da kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa? Gaskiya ne, ya fi. To amma likitan da ake jira a asibitin wani gari fa? Wanda aka aiko wa da rasuwar mahaifi da safe, za a kai shi makwanci kafin azahar, shi fa? Mota ba za ta kai shi Sakkwato a kan lokaci ba.

Mun san kamfanoni riba suke bi, kuma Abuja da Ikko can fasinja yake. Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohin Arewa su haɗa hannu su tallafa wa ƙananan jirage masu zirga-zirga tsakanin garuruwanmu, ko da sau biyu ne a mako. Su kuma kula da gyaran hanyoyin mota, domin yawancinmu ta nan muke bi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a cikinmu ne matuƙan jirage da shugabannin gobe za su fito. Idan ranar ta zo, kada mu manta da abin da rula ta nuna mana a aji.