A Daina Yi Mana Cinikin Biri a Sama Kan Kwamfuta

'Yan uwa malamai, kwamfuta ta zama kayan aiki kamar alli da allo. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kanta baki ɗaya, jarrabawar ƙwarewa ta TRCN ma a kanta ake yin ta. Shi ya sa dillalai ke zarya wurin ƙungiyoyinmu na adashin gata, suna tallar kwamfutar tafi-da-gidanka a biya kaɗan-kaɗan daga albashi. Rigimata da masu cewa kwamfuta duk ɗaya ce, a dubi ƙyalli da sunan kamfani a sa hannu. Wannan ganganci ne da guminmu.

Tambayar farko ita ce: ana iya buɗe cikinta a ƙara mata ƙarfi? Abu biyu ne ke fara gazawa, ƙwaƙwalwar aiki da masu gyara ke kira ram, da rumbun ajiya. A yawancin kwamfutocin ofis masu Windows, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook na shekarun baya, mai gyara zai kwance murfi ya ɗaga ram daga gigabait 4 zuwa 8, ya sa rumbun SSD, sai ta dawo da kuzari. Kwamfutocin Apple kuwa, tun fitowar M1 a 2020, ram ɗinsu haɗe yake da furosesa; yadda ka saya haka za ka ƙare da ita. Wasu sirara masu Windows ma haka aka like su. Wannan ya dace da mai canja na'ura duk shekara uku, amma mafi ƙarancin albashi a dokar 2024 naira 70,000 ne.

Masu kare Apple za su ce ta fi sauƙin sarrafawa, batirinta kuma yana daɗewa. Gaskiya ne, kuma inda wuta ba ta zama, batir babban abu ne. Sai dai sauƙi ga malamin firamare ya haɗa da samun mai gyara da kayan gyara a kasuwar garinsa, da abokin aiki da zai nuna masa yadda ake jera sakamakon ɗalibai. Chromebook tana da araha, amma yawancin aikinta ya dogara da intanet, kuɗin data kuwa daga aljihunmu yake fita.

Sai batun wasanni, wanda ta nan ake shiga zuciyar iyaye. Yawancin manyan wasannin kwamfuta don Windows aka yi su, amma masu nauyi suna buƙatar katin hoto na musamman, wanda ke ƙara tsada da zafi, ya kuma shanye batir. Wasa ba laifi ba ne ga yaro. Laifin shi ne uwa ko uba su yi shekara biyu ana yankar albashinsu saboda abin da darasi bai buƙata ba.

Akwai wani tarko kuma. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10, kuma yawancin kwamfutoci masu furosesan Intel da ya girmi ƙarni na 8 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu sun cika kasuwar gwanjo. Wanda ya riga ya mallaki ɗaya kada ya jefar. Linux Mint kyauta ce, tana kuma tafiya a kan tsofaffin na'urori. Amma kada a sayar mana da ita a farashin sabuwa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshe: kada a amince da kowane dillali sai ya rubuta ƙarnin furosesa, yawan ram, ko ana iya ƙarawa, lafiyar batir da tsawon garanti, sannan mai gyara da mu muka zaɓa ya buɗe samfuri a gaban kwamiti. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mu dai a bari mu ga rariyar kafin a taɓa albashinmu.