Turancin da ake jarrabawarsa baki a rufe

A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC akwai wata takarda ta Turanci da aka keɓe wa lafazi, wato yadda ake furta kalmomi. Tambayoyi 60 ne. Ɗalibi a Kano ko Gusau zai zauna, ya ɗauki fensir, ya yi ta shafe gurabe a takarda har lokaci ya cika, ya miƙa ya fita, ba tare da ya buɗe baki ko kunnensa ya ji kalma ɗaya ba. Takwarorinsa na Gana da Gambiya ma dai ana kunna musu murya su saurara. A Najeriya kuwa shiru ake yi, kamar ana zaman makoki.

A nan gizo ke saƙar. Malami yana koyar da abin da za a tambaya, don haka sai ya cika allo da alamomin sauti, yara su kwafe su haddace. Yarinyar da ta san alamar kowane wasali za ta iya cin takardar, amma a ce ta miƙe ta gabatar da kanta cikin jimla uku, sai gumi.

Ba kuwa don harshen Bahaushe ya yi nauyi ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare saboda daɗin Turancinsa, a Kwalejin Katsina ya koye shi, kuma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, in ya kama jawabi da kowanne daga harsunan biyu sai an yi tsit. Dukansu sun riƙe alli kafin su shiga siyasa. Hausarsu ba ta tauye musu Turanci ba, abin da ya kamata masu cin yara tara ko zane su don sun yi Hausa a harabar makaranta su tuna. Bulala tana sa yaro ya yi gum ne kawai, wanda ya yi gum kuwa ba ya koyon magana.

Wuraren da ɗan Hausa ke tuntuɓe sanannu ne. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, shi ya sa pan da fan ke zame masa abu guda. Ba ta kuma son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, dalilin da ya sa muka sami burodi da sukudireba ke nan. Malamin da ya san wannan zai iya gyara shi cikin 'yan makonni, in dai yaran suna furtawa yana ji.

Rubutu ma haka yake, sai dai a nan lissafi ne ke kayar da malami. WAEC tana son insha'i mai kalmomi kusan 450. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a ajin sakandare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin birane ya ga ajin da ya haura ɗari, wasu a kan tagogi. Malamin da ke da irin wannan aji biyar, in ya ba da insha'i ɗaya, littattafai 500 ke jiransa. Ko minti biyar ya ba kowanne, ya haura awa 40 yana duba. To sai ya daina bayarwa, ya rubuta samfurin wasiƙa a allo a haddace. Ranar jarrabawa kuma a nemi satar amsa, tunda ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a.

Akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Minti goma na farkon darasi yara su juya bibbiyu, kowa ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya gani a hanya da Turanci, ko da gurgu ne. A maimakon dogon insha'i sau ɗaya a zango, sakin layi ɗaya duk mako, kan kasuwar unguwa ko wasan ƙwallon jiya, su yi musayar littattafai su gyara wa juna, malami ya ɗebi ashirin ya duba da jan biro. A farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara da na 'yan jarida da suka mutu a makarantu da yawa, a kuma daina tura ɗalibai biyun nan da suka fi kowa iyawa su kaɗai zuwa kowace gasa.

Sauran aikin na hukuma ne. Ma'aikatun ilimi na jihohi su ɗauki ƙarin malaman Turanci su rage cunkoso, hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO kuma su sa wa takardar lafazi murya, ko da ta sauraro ce kamar yadda ake yi a Gana.