Littafin da Alƙalai Suka Yaba, Masu Karatu Suka Ɓata Rai

A shekarar 2016, littattafai uku ne suka kai zagayen ƙarshe na gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai ladan dala 100,000: Night Dancer na Chika Unigwe, da Born on a Tuesday na Elnathan John, da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim. Biyu daga cikinsu labarin Arewa suke bayarwa, kuma na Abubakar ne ya yi nasara. An yi murna, domin ɗan gida ya ciyo tuta. Amma da littafin ya shiga hannun jama'a, sai murnar wasu ta koma ciki. Har yau, in aka ambace shi a zauren ’yan boko, ba a rasa mai cewa shi dai bai ga abin da alƙalan suka gani ba.

Wannan ɓacin rai ya cancanci a saurare shi, domin masu yin sa mutane ne da suka karanta littafin, ba labari suka ji ba. Sai dai a ganina, an ɗora mafi yawansa a inda bai dace ba.

Labarin na Hajiya Binta ne, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, ta koma Mararaba kusa da Abuja da zama. Can ta faɗa cikin alaƙar ɓoye da Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, wanda ta haife shi nesa ba kusa ba. Ƙorafe-ƙorafen da ake yi iri biyu ne. Na farko, an tona asirin gidan Bahaushe a gaban baƙi. Na biyu, marubucin bai fito fili ya tsine wa abin da Binta ta aikata ba.

Mu fara da na biyun. Mai karatun Hausa ya saba da labarin iyali mai ɗauke da hukuncinsa a goshi. Dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990: Alhaji Abdu ya kori uwar ’ya’yansa Rabi saboda amarya, daga baya duniya ta juya masa baya. Sunan littafin kansa ya riga ya yanke shari'ar. Mai karatu yana rufe shi da sanyin zuciya, domin mugu ya girbi abin da ya shuka.

A littafin Abubakar ma alhaki bai yi barci ba, don kuwa ƙarshensa jini ne da asarar da ba ta maiduwa. Bambancin shi ne, kafin hukunci ya sauko, marubucin ya zaunar da mu a cikin zuciyar mai laifin har mun san ciwonta. Saboda haka da bulala ta sauka, ba mu ji sanyi ba, zafinta muka ji. Wannan rashin sanyin ne da yawa suke kira gazawar littafi, alhali shi ne aikin da littafin ya sa a gaba.

Mene ne ciwon Binta? Kunyar ɗan fari. Ta haifi ɗa, al'ada ta hana ta kiran sunansa ko jan sa a jiki, sai dai ta ce masa Yaro. Ya taso ba tare da ya ji ɗumin uwa ba, ya lalace, aka kashe shi, ba ta taɓa nuna masa abin da ke ranta ba. Shi ta gani a fuskar Reza. Duk wanda ya tashi a Gummi ko Anka ko Bukkuyum ya san uwar da take kawar da kai idan ɗanta na fari ya shigo ɗaki. Mun ɗauki wannan a matsayin kawaici, kuma yana da kyawunsa. Littafin ya tambaya: wa yake biyan farashinsa? Wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin Binta yana salati bai kai ga wannan tambaya ba.

Shi kuwa ƙorafin tonon asiri, tushensa ƙarancin littattafai ne. Idan al'umma mai miliyoyin mutane ba ta da labaran da duniya ta sani sai ƙalilan, kowane ɗaya yakan zama jakada, a ɗora masa nauyin kare mutuncin kowa. Binta mace ɗaya ce, ba wakiliyar zawarawan Arewa ba. Maganin wannan fargaba shi ne labarai su yawaita har ba wanda zai ɗauki guda ya ce ga Bahaushe.

Akwai kuma ɓacin ran da na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Littattafan uku duka da Turanci aka rubuta su. Matan da suka fi kowa sanin ciwon Binta su ne mafi nisa da shafukan da aka rubuta a kansa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ita ma ta fara a 2016, ta buɗe wa mata ƙofa, amma ta gajerun labarai ce. Dogon labarin iyali yana buƙatar shekaru, da edita, da abin da marubuci zai ci kafin ya gama.

Kuma ba labarin ne muka rasa ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da ’Yargalma, inda aka kiyasta mutuwar yara kusan 400. A cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya, a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Uba ya kawo dutsen don rufin asirin iyalinsa, uwa ta daka da hannunta. Yaya miji da mata suke duban juna bayan jana'iza? Duniya ta san lamarin ta rahotannin likitocin MSF, amma rahoto ba ya shiga ɗaka da dare. Wannan aikin marubuci ne, kuma wanda zai yi shi da gaskiya dole ya shiga zuciyar uban nan ba tare da gaggawar tsine masa ba.

Ranar da ɗan Zamfara ya rubuta wannan littafi da Hausa, zai zo da irin rashin sanyin da muka ƙi a labarin Binta. Idan muna son a rubuta shi, sai mu koyi karanta labarin da ba ya lallashinmu, mu kuma saya da kuɗinmu tun kafin wasu alƙalai a Legas su ce mana yana da kyau.