Ɗab'in Kayan Mota a Gida: A Koyi Awo Kafin a Sayi Na'ura

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san cewa sau da yawa ƙaramin abu ne kan tsayar da ita. Mariƙin ƙofa ya karye, ko maƙunnin fitila ya tsage, sai a yi ta yawo daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano ba a samu irinsa ba, domin an daɗe da daina ƙera shi. A yau akwai na'urar da za a ajiye bisa tebur ta ƙera irin waɗannan kaya da roba. Ra'ayina shi ne, wannan fasaha ta cancanci shiga makarantunmu na sakandare, amma da sharaɗin a koyar da ilmin awo da halin roba tare da ita, a kuma shata iyakar da ba za a ƙetare ba.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san yadda na'urar ke aiki. Ana kiranta na'urar ɗab'i mai siffa uku, domin abin da take fitarwa yana da tsawo da faɗi da kauri. Takan ja zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a zafin da ya kai kimanin digiri 200, sa'an nan ta fitar da shi ta wani ɗan tsukin baki, tana shimfiɗa shi hawa bisa hawa. Kaurin kowane hawa yakan kasance wajen milimita 0.2. Wanda ya taɓa lura da zanzaro yana gina ɗakinsa da laka, yana ɗora ƙwaya bisa ƙwaya, ya riga ya ga asalin dabarar.

Scott Crump na ƙasar Amurka ne ya nemi rajistar mallakar wannan dabara a 1989. A 2005 kuma Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, ya bar zanen na'urarsa kyauta ga duk mai so. Da wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009, sai kamfanoni suka yi ta ƙera ƙananan na'urori, farashi ya sauko. Har a Afirka ta Yamma, a 2013 wani ɗan ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya haɗa tasa a birnin Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Saboda haka mallakar na'ura ya daina zama abin mamaki.

Abin da ya fi wuya shi ne zane. Na'urar ba ta san mota ba. Siffar da aka ba ta daga kwamfuta kaɗai take bi. Dole ne a ɗauki karyayyen abu a auna shi da ma'aunin baniya, irin wanda ɗalibai ke riƙewa a ɗakin gwajin fiziks, a kuma zana shi da manhajar zane kamar FreeCAD ko Tinkercad, waɗanda ake amfani da su kyauta. Kuskuren rabin milimita ya isa ya sa noti ya ƙi shiga gurbinsa. A nan ne ɗalibin da ke tambayar amfanin lissafin kusurwoyi da da'ira zai ga amsarsa a tafin hannunsa.

Bayan awo sai halin roba, kuma a nan ilmin halittu yana da ta cewa. Robar da aka fi sayarwa ga masu koyo ita ce PLA. Ana samun ta ne daga sitacin masara ko rogo, ko sukarin rake, bayan ƙwayoyin bakteriya sun mayar da sukarin zuwa asid ɗin laktik, wato sinadarin nan da ke sa nono tsami. Tana da sauƙin aiki, sai dai takan fara laushi a wajen digiri 60. To, a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, kuma gaban motar da aka rufe aka bari a rana yana iya wuce digiri 60. Ke nan abin da ya yi kyau da safe zai iya lanƙwashewa kafin la'asar. Robar PETG takan jure har kusan digiri 80, ABS da ASA kuwa kusan digiri 100, kuma ASA ta fi jure hasken rana. Wanda bai san wannan bambanci ba zai yi asarar kuɗinsa, ya kuma ɓata sunan sana'ar.

Har ila yau, akwai batun ƙarfi. Mai faskare ya san itace yakan tsage cikin sauƙi idan aka bi tsawon jijiyarsa, amma yakan yi gardama idan aka sare shi a gicciye. Haka abin da aka ɗab'a yake: rauninsa yana tsakanin hawa da hawa, domin manne suke da juna kawai. Ƙashin ɗan Adam ya sha bamban. Tun 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yakan sake tsara kansa gwargwadon nauyin da yake ɗauka, kuma idan ya yi 'yar tsaga sai ƙwayoyinsa su ɗinke ta. Roba ba ta warkewa. Tsagar da girgizar hanya ta fara yau za ta ci gaba da girma a ɓoye har ranar da abin zai ɓalle.

Wannan ne ya sa nake ganin wajibi ne a raba kayan mota gida biyu. Akwai waɗanda idan sun karye ɓacin rai kawai za a yi, kamar maƙunni, da marfi, da mariƙin waya, da 'yan maƙalan da ke riƙe bangon ƙofa. Waɗannan a ɗab'a su a gida. Akwai kuma waɗanda rai ke rataye da su: birki, da sitiyari, da abin da ke riƙe taya, da hanyar mai, da maɗaurin bel ɗin kujera. Waɗannan kada a kusance su da na'urar gida ko kaɗan.

Wani zai ce ai a 2018 kamfanin Bugatti ya ɗab'a wani sashe na birki. Gaskiya ne, amma da garin ƙarfen titaniyam ya yi shi, wanda hasken lesa ya narkar a injin masana'antu, kuma injiniyoyi suka bi shi da gwaji mai tsanani. Sunan fasahar ne ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu kamar ta maƙerar ƙauye ce da kamfanin mulmula ƙarfe. Wani kuma zai ce tunda akwai haɗari gara a bar ta baki ɗaya. Wannan ma kuskure ne, domin na'urar za ta shigo kasuwanninmu ko mun koyar ko ba mu koyar ba, kuma a hannun jahili ta fi haɗari.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman kimiyya da su fara da abin da ke hannu. Ma'aunin baniya da kwamfuta guda sun isa a fara koyar da zane tun kafin a sami na'ura. A gayyaci bakanike daga unguwa ya nuna wa ɗalibai kayan da suka fi karyewa da dalilin karyewarsu. Ku kuma ɗalibai, duk abin da za ku ƙera ku fara tambayar kanku: idan ya karye mota na tsakar gudu, me zai sami waɗanda ke ciki? Idan amsar ta shafi rai, to a nemi na ainihi komai tsadarsa. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.