BASHIN KARATU: TALAKA YA YI LISSAFI KAFIN YA SA HANNU

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a Kakau, can kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a lokacin da ake fitar da sunayen waɗanda suka sami gurbin jami'a, zai ga abin tausayi. Uba ne riƙe da takardar ɗansa, baki yana murna, zuciya kuwa tana lissafin buhun masara nawa zai sayar. Da yawa daga iyayen kudancin Kaduna tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri ne, waɗanda tun da aka rufe KTL a 2002 rayuwa ba ta sake daidaita musu ba. Yau ga shi an ce musu gwamnati ta kawo sauƙi, wai bashin karatu. To, sauƙin ne kuwa?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya tuna inda aka fito. A 1978 ƙarin kwabo 50 kacal aka yi wa kuɗin abincin ɗalibai a rana, amma jami'o'in ƙasar nan suka kama da wuta, har aka zubar da jinin ɗalibai a Legas da Zariya. A wancan zamanin hukuma na ɗaukar ilmi a matsayin nauyin da ke wuyanta. Sai ga shi a 2021 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna, wanda a da bai kai Naira 40,000 ba, zuwa Naira 150,000, na karatun likita ma ya zarce haka nesa. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa Naira 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli ya dawo 50,000 daga 100,000. An rage, gaskiya ne, amma a shekarar ce aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka cinye abin da aka rage.

Cikin wannan hali ne Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Adalci ne a faɗi alherinsa. Babu kuɗin ruwa a kansa, wanda shi ne abin da Musulmi zai fara tambaya. An cire sharaɗin kawo masu tsaya wa ɗalibi, da sharaɗin cewa sai abin da iyaye ke samu bai kai Naira 500,000 a shekara ba. Ɗalibin makarantar gwamnati zai nema da lambar JAMB da NIN da BVN. Kuɗin makaranta kai-tsaye ake tura wa makarantar, sannan ga na ɗawainiya da aka fara da Naira 20,000 a wata, wanda ke shiga asusun ɗalibin. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Amma fa bashi sunansa bashi. Abin takaici, yara da yawa “alawus” suke kiran wannan Naira 20,000, kamar kyauta ce irin ta sukolashif. Ba kyauta ba ce, kowane kwabo rubuce yake a kansu. Ga lissafi mai sauƙi. Yaron da kuɗin makarantarsa yake Naira 105,000, a shekara huɗu ya ci bashin 420,000. Idan ya fara aiki a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024, ana cire masa 7,000 a wata, shekara biyar cif zai yi yana biya. Idan kuwa ya haɗa da na ɗawainiya, a ce wata goma a kowace shekara, bashin ya zama Naira miliyan ɗaya da dubu 220, biyansa kuma zai haura shekara 14. Ke nan yaro zai yi aure, ya haifi 'ya'ya, su shiga sakandare, shi bai gama biyan kuɗin garin kwakin da ya sha a jami'a ba.

Saboda haka wajibi ne uba ya zaunar da ɗansa su rarrabe abu uku: wanne ne kyauta, wanne ne bashi, wanne ne zai fito daga aljihu. A fara da neman tallafin Hukumar Sukolashif ta Jihar Kaduna da na Tarayya, sannan a waiwayi bashi. Wanda zai iya ciyar da ɗansa daga rumbu, ya karɓi na makaranta kawai, ya bar na ɗawainiya, tunda ba dole ba ne a haɗa su. A kuma adana kowane rasit, domin a 2025 an yi ta kukan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗi daga asusun ba su sanar da ɗalibai ba, ɗaliban suka sake biya daga aljihu, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Kada kuma a miƙa wa wani ɗan kanzagi BVN ko sisin kwabo da sunan zai hanzarta abu, neman ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Ba banza ba ne ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani take magana a kan rubuta bashi.

Su kuwa mahukunta, su sani cewa bai wa ɗan talaka bashi ba ya sauke musu nauyin ilmantar da shi. An kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, ta durƙushe saboda ba a biya. Idan babu aikin yi, da me za a biya wannan? Masu hali na unguwanni da kwamitocin masallatai su ma ba su tsira ba. Zakka da waƙafi za su iya ɗaukar nauyin marayu biyu ko uku duk shekara a gari kamar Kakau, ba sai maraya ya fara rayuwa da bashi a wuya ba.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yan talakawa ƙofar ilmi, Ya raba su da bashin da ya fi ƙarfinsu.